Sauya esin gida: Abubuwan da ake gamawa kafin mai ɗaurawa ya iso

Ƙarfe biyun dare a tsakiyar watan Afrilu, an kawo wuta, amma ɗakin kamar gidan burodi. Esin da ke jikin bango yana ta gurnani, iska na fitowa, sai dai ba ta da maraba da ta fanka. Yara sun kasa barci, ƙurajen zafi sun feso musu a wuya, uwargida ta koma fifita da kwali. Maigida kuwa lissafi yake yi: sau biyu ke nan ana ɗura wa na'urar gas tun shigowar bazara, kuma kowane karo sanyin bai wuce mako uku ba.

Wannan labari ba baƙo ba ne a gidaje da dama a Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yola, inda zafi kan haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu. Ga mai jariri a gida, ko tsohuwa mai hawan jini, na'urar sanyaya ɗaki ta daina zama kayan gayu. A irin wannan daren ne mutane da yawa ke yanke shawarar sayen sabo, gari na wayewa su nufi kasuwa, kafin la'asar an ɗaura. Gaggawar nan ce ke haifar da asarar da ba a ganinta sai bayan watanni.

Esi ba ya shan gas

Esi ba ya shan gas kamar yadda mota ke shan fetur. Gas ɗin zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu tsakanin na'urar ciki da ta waje, ya kwashi zafin ɗaki ya zubar a waje, ya sake dawowa. Idan ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Mai gyaran da ya ɗura gas ya karɓi kuɗinsa ba tare da ya nemo ɓular ba, ya san za a sake kiransa.

Ba kowace matsala ce ke buƙatar sabuwar na'ura ba. Kafasita ta mutu, fankar waje ta tsaya, ko ƙurar hunturu ta toshe raga, duk gyara ne mai sauƙi. Inda lissafi ke canjawa shi ne kwamfuresa, wato zuciyar na'urar. Idan ta ƙone a esin da ya shekara goma yana aiki, kuɗin wata kwamfuresar da na gas da na aiki kan cinye kaso mai tsoka na farashin sabo, ga shi sauran sassan ma sun tsufa tare da ita.

Akwai kuma 'yar takardar da ke manne a gefen na'urar waje, wadda ba kowa ke karantawa ba. Idan an rubuta R22 a jikinta, tsohon gas ne da duniya ke kan hanyar daina amfani da shi ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Najeriya ke cikinta, saboda yana illata rufin ozon na sararin samaniya. Wa'adin da aka ba ƙasashe masu tasowa shi ne 2030. Ma'ana, gas ɗin zai ci gaba da ƙaranci da tsada. Sababbin na'urori da R410A ko R32 suke aiki, kuma ba a gauraya wani da wani.

Hos nawa ɗakin ke buƙata?

A kasuwa da "hos" ake ciniki. Hos ɗaya kimanin BTU 9,000 ne, ɗaya da rabi 12,000, biyu kuma 18,000. Gara a duba wannan lambar a jikin kwali fiye da dogaro da bakin mai shago, domin ita ce ke nuna ainihin ƙarfin sanyayawa.

Ƙiyasin da masu sana'ar ke bi shi ne hos ɗaya ya ishi ɗaki mai ƙafa 12 a 12, falo kuma ɗaya da rabi ko biyu gwargwadon girmansa. Amma awo kaɗai ba ya yanke hukunci a Arewa. Ɗakin da ke saman bene ƙarƙashin kwano, ko wanda tagarsa ke kallon yamma rana na dukansa daga azahar zuwa magariba, ya fi takwaransa na ƙasa buƙatar ƙarfi. Ɗakin da silin ɗinsa ya ɓule kuwa, ko esi biyu aka sa masa kwanon rufi za su yi ta sanyayawa. Sau da yawa kuɗin gyaran silin da labule mai kauri da toshe ƙasan ƙofa sun fi ƙarin rabin hos amfani.

Ƙaramin esi a babban ɗaki ba ya hutawa, kwamfuresarsa na aiki dare da rana har ta gaji. Wanda ya yi wa ɗaki yawa shi ma ba gwaninta ba ce: ya kama, ya tsaya, ya sake kamawa, yana cin wuta a banza, kuma da damina sai ɗakin ya yi sanyi amma jiki na danƙo, saboda bai yi aikin da zai ishe shi tsotse laimar iska ba.

Wani harafi da ya cancanci a nema shi ne T1 ko T3. Na'urar T1 ana gwada ƙarfinta ne a zafin waje na digiri 35, ta T3 kuwa a digiri 46. Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu ya san wadda ta fi dacewa da shi. Wannan na cikin matsalolin esi na hannu da ake shigowa da su: an ƙera da yawansu don ƙasashen da ba su san irin zafinmu ba, wasu ma don wuta mai ƙarfin bolt 100 ko 110, alhali ta Najeriya 230 ce.

Tambayar da mita ke amsawa

A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin wuta ga 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta. Esi hos ɗaya da rabi irin na da yana jan kimanin kilowat 1.2. Idan ya yi awa takwas kwamfuresa ba ta huta ba, ya ci kusan yunit 10, wato wajen naira 2,000 a dare ɗaya, naira 60,000 a wata, a ɗaki ɗaya tak. Mai mitar kati ba ya buƙatar a yi masa bayani. Wanda ke kan janareta kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 nasa lissafin ya fi wannan ɗaci.

Nan ne esi mai infata ke shigowa. Sunan na rikita mutane, har wasu na zaton yana aiki ko babu wuta, kamar infatar sola. Ba haka ba ne. Bambancinsa shi ne kwamfuresarsa ba ta tsayawa cak ta sake tashi da ƙarfi. Idan ɗaki ya yi sanyi sai ta rage gudu ta ci gaba a hankali. Na da kuwa duk lokacin da zai tashi yana fizgar wuta ninki da yawa na abin da yake ci idan yana tafiya, shi ya sa ƙwan ɗaki ke dushewa, janareta ya yi kamar zai mutu. Ga mai sola ko matsakaicin janareta, wannan tashi a hankali shi ne babban dalilin biyan ƙarin kuɗin.

Sai dai yana da nasa rauni. Allon lantarkin da ke cikinsa ba ya jure wutar da ke hawa da sauka, kuma idan ya ƙone, ba kowane mai gyara ne ya iya shi ba. A unguwar da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidajen da suka fi ƙarfinta, inda da daddare fanka da ƙyar take juyawa, sayen sitabilaiza mai ƙarfin da ya dace da esin wani ɓangare ne na farashin. Ta firij ba za ta ɗauka ba.

Kafin ranar

Mafi yawan abin da ke kashe sabon esi a jikin gini yake. Ya kamata ya samu wayarsa shi kaɗai tun daga allon rarraba wuta, da birekarsa, da wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta. Waya mai kaurin milimita 2.5 ake sa wa hos ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mai 4 ga hos biyu, kuma ta jan ƙarfe ta gaske, ba irin wadda aka shafa wa launi ba. Jona esi a soket ɗin da talabijin da dutsen guga ke kai, ko a wayar jone, hanya ce ta gobara, kuma yawanci cikin dare take tashi lokacin da kowa ya yi barci. Wannan aikin mai wayarin ne, a gama shi kwana ɗaya ko biyu kafin mai ɗaurawa ya zo.

Ɗan haya ya fara sanar da mai gida kafin a huda bango, a kuma yi magana a fili cewa na'urar tasa ce, da ita zai tashi.

Wurin na'urar waje ya fi komai shan sakaci. Inuwa take so da sararin da za ta fitar da zafi, don haka bangon arewa ko na gabas ya fi na yamma. Matse ta a lungu tsakanin katanga biyu na sa ta riƙa shaƙar iskar zafin da ta fitar. Kejin ƙarfe ya zama dole a wurare da yawa saboda ɓarayin jan ƙarfe, amma a gaya wa mai walda ya bar shi a buɗe sosai, da ƙofar da mai gyara zai iya sa hannu. Ta ciki kuma a sama take zama, da 'yar tazara tsakaninta da silin, ba saitin kan gadon yara ba, ba kuma saman talabijin ba, domin duk ranar da bututun ruwa ya toshe a kansa za ta ɗiga.

Nisan da ke tsakanin biyun kuɗi ne. Gas ɗin da kamfani ya ɗuro a ciki na bututu ne mai 'yan mitoci, yawanci bai wuce biyar ba. Idan ya fi haka, sai an ƙara bututu an ƙara gas. Gara a auna, a yi cinikin komai tun farko, da a tsaya gardama bayan an riga an huda bango.

A nan ne kuma ake yin arahar da ba ta ado. Mai ɗaurawa zai ce tsohon bututun lafiyarsa ƙalau, a bar shi. Idan tsohon esin R22 ne, cikin bututun akwai ragowar man da bai jitu da na sabuwar kwamfuresa ba, kuma sabon gas ya fi tsohon matsi nesa ba kusa ba. Idan tsohuwar kwamfuresar ƙonewa ta yi, dattinta na nan kwance a ciki yana jiran sabuwa.

Ranar ɗaurawa

Duk wanda ya rataya jakar sukundireba a ƙasar nan injiniya ake kiransa. Tambaya ɗaya na iya tace su tun a waya: zai zo da famfon zuƙe iska? Bayan an haɗa bututu, akwai iska da laima a cikinsa, kuma dole a zuƙe su na tsawon aƙalla minti 15 kafin a saki gas. Masu gaggawa ba sa yi. Sai su ɗan buɗe gas ɗin ya huro iskar waje, su ɗaure. Esin zai yi sanyi a ranar, maigida ya biya har da na shan ruwa, laimar da ta rage kuma ta haɗu da mai ta fara cin kwamfuresa daga ciki. Ranar da za ta tsaya, babu wanda zai tuna da yammacin da aka ɗaura ta.

Sauran abubuwan ido na iya gani. Hudar bango ta ɗan karkata zuwa waje don ruwa ya gangara. Kowane bututu ya samu rigarsa ta soso har ƙarshe. A shafa ruwan sabulu a mahaɗai, idan kumfa ya taso akwai yoyo. A toshe gefen hudar da kyau, in ba haka ba ta zama ƙofar ƙadangaru da sauro da ƙura. Kada a sallami mai aiki sai na'urar ta yi kamar rabin awa tana aiki, an ga ruwa na ɗiga a waje ba a ɗaki ba. Rasit da katin garanti a adana su, a kuma tambayi mai shago tun wajen saye ko garantin na da sharaɗin cewa ma'aikatansu ne za su ɗaura.

Duk wannan ya fi sauƙi a Janairu ko Fabrairu, lokacin da masu ɗaurawa ke zaune a bakin shago suna jiran aiki. Da zafi ya kankama, mutum ɗaya na iya samun gidaje huɗu ko biyar na jiransa a yini, kuma famfon zuƙe iska shi ne abu na farko da ake mantawa a shago.

Tsohon esin ma bai kamata a fizge shi kawai ba. Idan kwamfuresarsa na tashi, ƙwararren mai aiki zai rufe bawul ɗaya, ya bar ta ta janye gas ɗin duka zuwa na'urar waje, ya rufe na biyu, sannan ya kwance. Aikin 'yan mintuna ne. Esin da aka sauke da gas ɗinsa a ciki ana iya mayar da shi ɗakin baƙi ko a sayar wa mai buƙata. Wanda aka yanke wa bututu gas ya tsiyaye a iska kuwa, ɗan jari-bola ne zai zo da sikelinsa ya saye shi a kilo.