Mai tona asirin almundahana: a kare masa aikinsa tukuna

Da ɗan gari kan ci gari. Kusan duk almundahanar da ta fito fili, wani na ciki ne ya fara ganinta: akawun da ke riƙe da rasit, ɗan sito, direban da ya san nauyin kayan da ya ɗauko. A yanki irin na Karakara da Gaya, inda gadar Malanville ke haɗa Nijar da Benin kuma Kamba ta Najeriya ke kusa, takardun kaya da kuɗin haraji suna bi ta hannun ƙananan ma'aikata da yawa. Suna gani, amma sun san wanda ya buɗe baki yana iya rasa hanyar abincinsa. Don haka a ganina, dokar da ta fi gaggawa ita ce wadda za ta hana ubangida ramuwar gayya.

Najeriya ta gwada wata hanyar. A Disamban 2016 Ma'aikatar Kuɗi, zamanin Kemi Adeosun, ta yi alkawarin tukuicin kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na dukiyar da aka ƙwato. A Afrilun 2017 hukumar EFCC ta gano sama da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi, jama'a suka yi ta tafi. To amma tsarin umarni ne na gwamnati, babu dokar majalisa a bayansa, kuma bai ba ma'aikaci wata kariya da kotu za ta tilasta ba. A shekarar ce aka sallami Ntia Thompson, jami'in wata hukuma da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, bayan ya kai rahoton karkatar da kuɗi, sai da aka yi ta matsa lamba kafin a mayar da shi. Tukuici na wanda bayaninsa ya kai ga miliyoyi ne. Akawun da ya ga an sauya lissafin buhuna ba ya jiran lada, so yake ya wayi gari da aikinsa.

Ramuwa kuwa ba kasafai take zuwa da sunanta ba. Sai a ce mutum ya cika makara, ko a tura shi ƙauye mai nisa, ko a ƙi sabunta masa kwantiragi. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta buƙaci halattaccen dalili kafin kora, amma wa ke riƙe da takardun da za su nuna dalilin na ƙarya ne? Ubangidan. Shi ya sa dokar Sapin II ta Faransa ta 2016 da umarnin Tarayyar Turai na 2019 suka juya nauyin hujja: idan hukunci ya biyo bayan rahoto, mai ba da aikin ne zai tabbatar cewa babu alaƙa. Wannan shi ne ƙashin bayan kariyar.

Za a ce hakan zai buɗe ƙofa ga mahassada da magulmata. Damuwar gaskiya ce, domin ƙazafi yana rusa mutunci. Sai dai Sashe na 33 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan yaƙi da rashawa ya keɓe kariyar ga wanda ya kai rahoto da kyakkyawar niyya bisa dalili mai ƙarfi, mai ƙage kuwa hukuncinsa na nan. Masu kafa hujja da sirrin aiki su ma su tuna cewa amanar ofis ba ta haɗa da ɓoye satar dukiyar talakawa ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne takarda ba ta tare harsashi: Afirka ta Kudu tana da irin wannan doka tun 2000, duk da haka aka harbe mai tona asiri Babita Deokaran a Agustan 2021. Wannan dalili ne na ƙara ɓoye sunan mai rahoto da ba shi tsaro.

Nijar ta kafa hukumomin yaƙi da rashawa, HALCIA a 2011, sannan COLDEFF a 2023, Gana kuwa ta yi dokar kare masu tona asiri tun 2006. Muna kira ga mahukunta a Yamai da su yi cikakkiyar doka da za ta haɗa ma'aikacin gwamnati da na ɗan kasuwa, har da ɗan ƙwadagon da ba shi da kwantiragi a rubuce.