Eragon: Yaro ya rubuta labarin dodo, 'yan gidansu suka fita talla

A shekarar 1998, a wani kwari da ake kira Paradise Valley cikin jihar Montana ta ƙasar Amurka, wani yaro ɗan shekara 15 ya fara rubuta labarin dodo. Sunansa Christopher Paolini. A gida iyayensa suka koyar da shi tare da ƙanwarsa Angela, kuma a wannan shekarun har ya gama karatun sakandare. Gari da nisa, abin yi babu yawa, sai littattafai da duwatsu.

Dodon da ya rubuta ba irin na tatsuniyar kaka ba ne, mai tare 'yan mata a bakin rafi. Wannan shi ne wanda Turawa ke kira dragon: ƙaton abu mai siffar ƙadangare, da fuka-fukai irin na jemage, yana tashi sama yana aman wuta. A tsofaffin labaran Turai yawanci mugu ne, yana kwance a kan tarin zinariya har jarumi ya zo ya sare shi, kusan yadda muka ji Bayajidda ya yi da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Shi kuwa Paolini aboki ya mai da shi. Hatta sunan littafin, Eragon, daga kalmar dragon ya fito, harafin farko kawai ya sauya.

Daga ina tunanin ya zo masa? Shi da kansa ya sha faɗa cewa wani littafin yara na Bruce Coville ne ya fara ɗarsa masa abin, mai suna Jeremy Thatcher, Dragon Hatcher, labarin yaron da ya sayi ƙwai a wani shago, ƙwan ya ƙyanƙyashe dodo. Sai tambayoyi suka yi ta yi masa yawo a kai. Wace irin ƙasa ce za a tsinci ƙwan dodo a cikinta? Wa zai tsinta? Wa kuma zai biyo sawu yana nemansa? Amsoshin nan su ne ƙashin bayan littafin.

Ga yadda labarin ya fara. Eragon yaron ƙauye ne, yana zaune gidan kawunsa manomi. Ya shiga daji farauta, ya dawo babu nama sai wani shuɗin dutse mai sheƙi. Ya kai wa mahaucin garin a ba shi nama a madadinsa, da mahaucin ya ji inda aka samo dutsen sai ya ƙi. Da fatake suka sauka a garin, wani daga cikinsu ya ƙwanƙwasa dutsen, ya ce akwai rami a ciki, shi ma bai saya ba. Ɗan kasuwa ba zai ga laifinsa ba, kayan da ba ka san wa za ka sayar wa ba, ba ka zuba jarinka a kai. Ashe ƙwai ne. Ya fashe, dodanniya Saphira ta fito, kuma tun daga nan barorin azzalumin sarki Galbatorix suka shiga neman yaron, har suka yi sanadin mutuwar kawunsa.

Abin da zai ba iyaye sha'awa shi ne yawancin kayan haɗin labarin a ƙofar gidansu yaron ya samo su. Manyan duwatsun Beartooth da yake hange su suka zama duwatsun Beor na cikin littafin, ya ƙara musu tsayi ninki-ba-ninki. Ƙanwarsa ta zama Angela mai magani, mace mai kaifin baki da wasa da hankalin mutane. Harshen sihirin da jarumai ke magana da shi, daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai ya aro tushen kalmominsa. Taswirar ƙasar labarin, wato Alagaësia, da hannunsa ya zana, haka ma idon Saphira da ke bangon bugun farko.

Kuma bai faɗa wa rubutun kai-tsaye ba. A baya ya sha fara labari ya maƙale bayan 'yan shafuka, don bai san inda za shi ba. Wannan karon sai ya karanta littattafan koyon tsara labari, ya shafe kusan wata guda yana shata hanya tun daga farko har ƙarshe. Rubutun farko ya ci shekara. Gyara ya ci wata shekarar. A rubutun farkon ma sunan jarumin Kevin ne, suna irin na kowane ɗan makaranta a Amurka, wanda bai dace da mahayin dodo ba ko kaɗan.

To, a nan ne labarin ya koma na kasuwa. Iyayensa suna da ɗan ƙaramin kamfanin buga littattafai a gida. Da suka karanta, suka yanke shawarar su buga da kuɗinsu. Gidan gaba ɗaya ya duƙufa, wannan na duba kurakurai, wancan na tsara shafuka, shekara ta uku ta tafi a haka. A 2002 littafi ya shiga kasuwa, sai kuma aikin talla. Paolini ya zagaya makarantu da ɗakunan karatu da shagunan littattafai sama da 135, sanye da jar riga da baƙin wando mai faɗi da dogayen takalma irin na mutanen da, yana tsayar da masu wucewa yana yi musu bayanin hajarsa. Abincin gidan a kan cinikin nan ya rataya. Duk wanda ya san yadda marubutan Kano suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihu suna kai wa 'yan kasuwa da kansu, wannan ba baƙon abu ba ne gare shi. Sai dai a gaskiya kasada ce, kuma gidaje da yawa sun yi irinta sun tashi da kwalayen littafi a ƙarƙashin gado.

Su dai Allah ya kawo musu mai saye. Wani marubuci, Carl Hiaasen, ya zo hutu Montana, agolansa ya sami littafin ya karanta ya kasa ajiyewa. Hiaasen ya kai wa kamfanin da ke buga nasa littattafan, Alfred A. Knopf. Editan kamfanin ta sa aka rage dubban kalmomi, aka sauya bango, a 2003 aka sake fitar da shi, yana ɗan shekara 19. Nan da nan ya shiga jerin littattafan da aka fi saye a Amurka.

Masu sharhi ba su raga masa ba. Da yawa sun ce yaron ya jingina da Tolkien fiye da kima, kuma tsarin labarin ya yi kama da na fim ɗin Star Wars: maraya a gona, dattijo mai koyar da shi yaƙi, mugun sarki. Zancen haɗa dodo da mahayinsa ma Anne McCaffrey ta riga shi tun 1968. Akwai gaskiya a sukan, wanda ya karanta zai ga ɗinkin a fili. Amma hirar Saphira da Eragon, wadda suke yi zuci da zuci ba tare da buɗe baki ba, tana da ɗanɗanonta, musamman yadda dodanniyar da ba ta cika shekara ba take yi masa faɗa kamar babbar yaya.

Fim ɗin da aka yi a 2006 bai gamsar da masu karatu ba, ba a kuma yi na biyu ba. Littattafan kuwa suka ci gaba: Eldest a 2005, Brisingr a 2008, Inheritance a 2011. Da farko uku ya shirya, na ukun ya yi tsawo har aka raba shi biyu. A 2023 ya sake komawa Alagaësia da wani littafin mai suna Murtagh, a lokacin yana dab da cika shekara 40.