Duniyoyin Wasu Taurari: Ruwan Ƙarfe da Shekarar Kwana Huɗu

A 1995, Michel Mayor da ɗalibinsa Didier Queloz na Jami'ar Janeba suka lura tauraron 51 Pegasi yana ɗan rangaji. Ashe wata ƙatuwar duniya ce ke fizgar sa tana kewaye shi, kuma shekararta kwana huɗu ce da 'yan sa'o'i! Ba su gan ta da ido ba, lissafi ne ya tona asirinta. Sai a 2019 aka ba su kyautar Nobel. Yau irin waɗannan duniyoyi da aka tabbatar sun haura 5,000.

Wadda ta fi ɗaure mini kai ita ce WASP-76b. Gefe ɗaya take ba tauraronta kullum, zafin wajen ya wuce digiri 2,400, har ƙarfe ya koma tururi. Iska ta kwashe tururin zuwa gefen dare, ya huce, ya zubo ɗigo-ɗigo. Ruwan ƙarfe ke nan, kamar yadda masanan Janeba suka bayyana a 2020. Ikon Allah!

HD 189733b kuwa shuɗiya ce, amma masana a Jami'ar Warwick ta Ingila sun auna iskarta tana gudun kilomita kusan 8,700 a sa'a guda.

Tauraron TRAPPIST-1 ɗan ƙarami ne, amma duniyoyi bakwai yake goyo, kowacce kusan girman tamu. Tawagar Jami'ar Liège ta Beljiyam ce ta sanar da su a 2017. Abin da ba a cika faɗa ba: ɗaya daga cikin na'urorin hangen nesa na wannan tawaga yana kan tsaunukan Atlas na Maroko, tare da Jami'ar Cadi Ayyad ta Marrakesh.

Batun rai fa? A nan sai a yi hattara. A 2025 masana a Kambirij suka ce sun hango alamar wata iska a duniyar K2-18b, iskar da a duniyarmu ƙananan halittun teku ke fitarwa. Wasu masana suka sake duba bayanan, suka ce hujjar ba ta yi ƙwari ba. Ina tare da masu jira.

Najeriya ma tana da nata rabon: a 2019 aka raɗa wa tauraron HD 43197 suna Amadioha, duniyarsa kuma Equiano, sunan marubucin nan Olaudah Equiano.