Shin Ko Kun San? Faifan Roba a Gadon Bayan Manomi

Shin ko kun san cewa mutum ya fi tsawo da asuba a kan yadda yake da magariba? Bambancin yakan kai santimita 1 zuwa 2. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai fayafai 23 na guringuntsi, kowanne da ruwa-ruwa a tsakiyarsa, suna yin aikin da gammo yake yi tsakanin kai da tulu. Wuni guda ana tsaye ana sunkuye, nauyin jiki yana matse ruwan. Da an kwanta sai su sake tsotsa. Jijiyoyin jini ba sa kaiwa tsakiyar faifan babban mutum, shi ya sa in ya lalace gyaruwarsa take jan lokaci.

Shin ko kun san an taɓa auna nauyin da ke sauka a kan faifan mutum mai rai? Wani masani a Jamus, Hans-Joachim Wilke, shi da abokan aikinsa sun cusa ɗan ƙaramin ma'auni cikin faifan ƙugun wani mutum da ya ba da kansa, suka fitar da sakamakon a 1999. Da mutumin ya sunkuya ya ɗaga kaya mai kilo 20, matsin da ke kan faifan ya ninka na tsayuwa sau huɗu har da ɗoriya. Da ya rungumo kayan a jikinsa, matsin bai kai rabin haka ba. To, kilo 20 ke nan. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, buhun takin zamani kilo 50, buhun gero ko na masara kuwa ana batun kilo 100 ne, kuma a kasuwar Dawanau ko ta Ɗambatta bayan mutum ne yake loda shi a mota.

Ƙasar arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi, Makoɗa da Ɗambatta, tana cikin yankin da wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi ta aunawa tun shekarun 1960. Abin da ya ba masana mamaki shi ne jama'a sun yi yawa, gonaki ƙanana ne, ba a barin ƙasa ta huta, amma kuma ba ta mutu ba. Sirrin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya tashi a can: takin gida da ake kaiwa a mangalar jaki, da noman farko da maimai da ake yi a duƙe da fartanya. Ga daka da surfe da jan guga da goyo a ɓangaren mata. Ƙasar ba ta hutawa, ƙugun mai ita ma haka.

Shin ko kun san cewa a duniya babu ciwon da ya kai ciwon baya hana mutane aiki? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050. Kusan kashi 90 cikin 100 nasu ba a iya nuna wani ƙashi ko faifai guda a ce ga mai laifin.

Shin ko kun san cewa faifan wucin gadi na farko ƙwallon ƙarfe ne zalla? Wani likita a Suwidin, Ulf Fernström, shi ya riƙa cire faifan da ya lalace yana sa ƙwallon baƙin ƙarfe a gurbinsa, ya kuma wallafa aikinsa a 1966. Da tafiya ta yi tafiya, ƙwallayen suka riƙa nutsewa cikin ƙashi, aka watsar da dabarar.

Wadda ta sake tayar da maganar kuwa 'yar wasan tsalle-tsalle ce. Karin Janz ta ci lambar zinare biyu a gasar Olamfik ta 1972 a birnin Munich, daga baya ta zama likitar ƙashi. Ita da Kurt Schellnack suka ƙera faifan Charité, wanda aka raɗa wa sunan asibitinsu da ke Balin ta Gabas, aka fara dasa shi a 1984: farantin ƙarfe sama da ƙasa, roba mai tauri a tsakiya. Sai a 2004 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi. ProDisc, wanda Thierry Marnay ya ƙirƙiro a Faransa, ya samu izini a 2006, na wuya kuma suka biyo baya daga 2007. Shi Charité ɗin, duk da sunan da ya yi, an daina sayar da shi daga baya.

Me ya sa ake wannan wahala? Tsohuwar hanya ita ce a cire faifan a ɗaure ƙasusuwan biyu da ƙusoshi har su manne su zama ɗaya. Wurin ya daina motsi ke nan, nauyin kuma ya koma kan fayafan da ke maƙwabtaka. Faifan roba an yi shi ne don gaɓar ta ci gaba da lanƙwasuwa.

Shin ko kun san cewa aikin baya ne amma ta ciki ake shiga? In na ƙugu ne, ana yanka ƙasan cibiya, a kauda hanji gefe, a janye manyan jijiyoyin jinin da suke kwance a gaban gadon baya, sannan a isa faifan. Nan haɗarin yake, shi ya sa sau da yawa ake haɗawa da likitan jijiyoyin jini a ɗakin tiyata. In na wuya ne, ta gaban wuya ake bi, gefen maƙogwaro. Wanda aka yi wa na wuya yakan tashi da wahalar haɗiya ko dishewar murya, yawanci na ɗan lokaci ne. A na ƙugu kuwa akwai wata magana da mai iyali ya kamata ya ji tun kafin ya sa hannu a takarda: kaɗan daga cikin maza sukan samu matsalar maniyyi ya riƙa komawa mafitsara, abin da kan taɓa haihuwa. Kunya ba ta da wuri a nan, a tambayi likita.

Shin ko kun san cewa ba a barin majiyyaci ya daɗe a gado? A ranar aikin ko washegari ake tashinsa ya taka. Na wuya yakan koma gida a ranar ko bayan kwana ɗaya, na ƙugu kwana biyu zuwa huɗu. Daga nan sai dokoki na kamar mako shida: ba sunkuyo, ba murɗa ƙugu, ba ɗaukar nauyi, sai tafiya a ƙasa kullum ana ƙarawa, sai kuma zuwa sashen gashin ƙashi don motsa jiki. Mai aikin ofis kan koma kujerarsa cikin 'yan makonni. Mai aikin ƙarfi sai ya yi kamar wata uku, wani ma ya haura.

A nan nake so mu ɗan tsaya, domin waɗannan ƙa'idoji an tsara su ne da mai gado da kujera da bayan gida na zama a rai. Ku duba wunin mutumin ƙauye a Kunci ko Tsanyawa. Ya tashi daga tabarma, wannan sunkuyo ne. Ya kama buta ya tsuguna ya yi alwala. Masai na tsuguno ne. Tuwo a ƙasa ake ci. In zai koma ganin likita, sai ya hau bayan babur ya bi burji mai ramuka kafin ya fito titin Katsina ko na Daura. Kafin azahar ya karya dokar likita ba adadi, ba don taurin kai ba. Saboda haka jinyar tana farawa tun kafin a yi aikin: a nemi gado mai ɗan tudu, a sami kujera, a gyara makewayi, a san wanda zai ɗebo ruwa. Sallah kuwa malamai sun riga sun warware ta, wanda ba zai iya ruku'u da sujada ba ya yi a zaune.

Sai lissafin lokaci. Daminar arewacin Kano daga Yuni ne zuwa Satumba. Wata ukun da likita ya ce a huta, in suka faɗa a nan, shuka da noman farko da maimai duk sun wuce, sai dai a biya 'yan ƙodago ko dangi su yi gayya. In ciwon ba na gaggawa ba ne, bayan kaka ya fi, lokacin da hatsi ya shiga rumbu.

Shin ko kun san wani ɗan wasa ya bar ƙungiyarsa saboda wannan aiki? Jack Eichel, mai wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara a Amurka, ya so a sa masa faifan roba a wuya, ƙungiyarsa ta Buffalo ta ce sai dai a ɗaure ƙashin. Aka yi ta ja-in-ja har aka sayar da shi ga ƙungiyar Vegas. An yi masa aikin a Nuwamba 2021, ya koma wasa a Fabrairu 2022, a 2023 suka ɗauki kofi. Labari mai daɗi, amma na matashi ne mai ƙashi lafiyayye da ayarin likitoci a bayansa.

Ga wanda ya fi kama da gaskiyar sauran mutane. A Norwe an raba masu ciwon ƙugu 173 gida biyu, wasu aka sa musu faifan roba, wasu aka ba su horon motsa jiki da wayar da kai kawai. Sakamakon ya fito a 2011. Bayan shekara biyu duka ɓangarorin sun samu sauƙi. Waɗanda aka yi wa aiki sun fi da maki 8.4 a ma'auni mai maki 100, alhali masu binciken sun ce tun farko sai an kai maki 10 za a kira shi bambanci na a-zo-a-gani. Mutum ɗaya kuma ya rasa ƙafa bayan an sake buɗe shi don gyara robar da ta goce. A 2012 masu bitar bincike na ƙungiyar Cochrane suka kwatanta faifan roba da ɗaure ƙashi a ƙugu, suka ga fifikon ɗan kaɗan ne. Na wuya ya fi samun yabo: binciken shekaru da dama ya nuna waɗanda aka sa wa ba su cika komawa tiyata ta biyu ba kamar waɗanda aka ɗaure wa ƙashi. Duk da haka a jikin wasu sabon ƙashi yakan tsiro ya zagaye faifan, motsin da aka biya kuɗi dominsa ya tsaya.

Kuma ba kowa ake yi wa ba. Mai ƙashi marar ƙwari, musamman tsofaffin mata, ba ya ciki. Haka wanda ƙashinsa ya zame, ko bayansa ya karkace, ko ƙananan gaɓoɓin bayan suka cinye, ko akwai ƙwayar cuta a wurin. Mai shan taba ma warkewarsa tana ja.

Shin ko kun san cewa hoton MRI yana iya tsorata mai lafiya? Wani nazari na 2015 ya tattara hotunan mutanen da ba abin da ke damunsu. Kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 an ga alamar lalacewar faifai, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 96. Faifan da ya ɓullo ya danne jijiya ma, wanda ke sa zogi ya gangara har tafin ƙafa, kusan biyu cikin uku yakan janye da kansa, kuma yawancin masu shi suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12. Wanda dillalin asibitin Indiya ko na Masar ya kalli hotonsa a waya ya ce sai an canja faifai, ya dakata da sayar da gona.

Shin ko kun san cewa wani ciwon bayan tarin fuka ne, ko da mutum ba ya tari? Ƙwayar cutar takan zauna a gadon baya ta ci ƙashi da faifai har ƙusumbi ya fito, wani lokaci ƙafafu su shanye. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya siffanta shi tun 1779. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka. Alamominsa ciwon baya da ba ya lafawa ko a kwance, zazzaɓin yamma, gumin dare da rama. Wannan ba na sakiya ba ne, ba na ƙaho ba ne, mai ɗori ma ba huruminsa ba ne. Maganinsa ƙwayoyi ne da ake sha na watanni, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati.

Masu tallar magani a faranti ranar kasuwa su ma sai an yi hattara da su. Haɗin diclofenac da ibuprofen da 'yan'uwansu da ake ƙullawa a leda yana kashe zogi, amma yawan shansa yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Tramadol kuwa kowa ya san inda yake kai matasa.

Asibitin Ƙashi na Dala yana aiki tun 1959, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, duka ana duba ciwon gadon baya. Wanda aka ce masa sai tiyata, ya tambayi likita aikin nan nawa ya taɓa yi, wa zai duba shi in ya dawo gida, kuma yaushe zai iya kama fartanya. Amma in ciwon baya ya zo da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta fara ja, kada a jira ranar kasuwa, kada a jira a gama girbi. A sa shi a mota a nufi Kano a ranar.