Shiga Kwamfutar Ofis Daga Nesa: Inda Cikas Ke Ɓuya Ga 'Yan Kasuwar Minna

MINNA — Ɗan kasuwar da ke da sito a Tunga ko shago a Kasuwar Kure, amma wata harka ta tsare shi a Suleja, Bida ko Abuja, ba tilas ne ya dawo gida ba kafin ya duba lissafin cinikinsa. Akwai hanyar da zai buɗe kwamfutar ofishinsa daga inda yake, ya ga fuskarta a kan wayarsa ko ƙaramar kwamfutarsa, ya kuma yi aiki da ita tamkar yana zaune a gabanta. Kamfanin Microsoft ya sanya wannan hanya, mai suna Remote Desktop, cikin Windows XP tun shekarar 2001, amfani da ita kuwa ya ƙaru ainun a 2020, sa'ad da annobar korona ta rufe ofisoshi.

Sai dai ranar da ta ƙi buɗewa, sau da yawa ita ce ranar biyan albashi, ko ranar da tirela ke tsaye tana jiran takardar lodi. Saƙon da ke fitowa bai cika warware zare ba, domin dalilai uku yake jerawa ba tare da ya tsayar da ɗaya ba: ko ba a ba da izinin shiga ba, ko kwamfutar a kashe take, ko kuwa ba ta kan layi. A nan ne mutane da dama ke yin kuskure, su fara goge manhaja suna sāke sanyawa, alhali kuwa matsalar tana can ƙasa da haka.

A Minna, tambayar farko ita ce ta wutar lantarki. Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsun Kainji, Shiroro da Zungeru, amma duk wanda ke da ofis a garin ya san cewa wannan bai hana ɗaukewar wuta ba. Kwamfutar tebur ba ta da batiri. In aka ɗauke wuta, ko da na ɗan lokacin da ake tayar da janareto ne, sai ta mutu, kuma ba za ta tashi da kanta ba in wutar ta dawo, sai fa in an umarce ta da haka. Wannan umarni yana cikin saitin BIOS na yawancin kwamfutocin ofis, kuma aikin minti kaɗan ne ga mai gyara. Har ila yau, kwamfutar da ta yi barci ba ta amsa kira, don haka wajibi ne a hana ta barci baki ɗaya. Akan kuma sayi UPS domin kwamfuta a manta da rauta, watau akwatin da ke raba intanet a ofis. In rauta ta mutu, kwamfutar za ta zauna a kunne, amma ba wanda zai iya isa gare ta. Kiran waya ɗaya ga maigadi ko yaron shago, ya duba ko fitilun na'urorin biyu na ci, ya kan kashe bakin zance.

In wuta lafiya, sai a koma kan izini. Windows iri-iri ce, kuma wadda ake kira Home tana iya shiga wata kwamfuta amma ba ta karɓar baƙo. Sai Pro, Enterprise ko Education. Ko da irin da ya dace ne, a rufe ƙofar take zuwa daga kamfani, sai an buɗe ta cikin saiti, an kuma sa sunan ma'aikacin cikin waɗanda aka amince wa. Asusun da ba shi da kalmar sirri ba a yarda ya shiga daga nesa, sa'an nan gajeriyar lambar nan ta PIN da akanta ke bugawa kowace safiya ta wannan na'ura ce kaɗai; daga nesa cikakkiyar kalmar sirri ake nema, wadda mai yiwuwa an daɗe da mantawa da ita. Abin lura kuma shi ne, kwamfutar tebur mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda. In maigida ya shiga daga Abuja, kashiyan da ke buga rasit a Minna zai ga an fitar da shi.

Babban kulli yana wajen adireshi, kuma shi ne ya fi cin kuɗin masu ofis a banza. Kowace na'ura a ofis tana da lambar adireshi ta IP da rauta ke ba ta, irin mai farawa da 192.168. Wannan lamba ta cikin gida ce, kamar lambar ɗaki a masauki, ba ta da amfani ga wanda ke waje. Ban da haka, tana iya sauyawa duk sa'ad da rauta ta mutu ta tashi, abin da ke faruwa sau da dama a yini a inda wuta ba ta tsayawa, sai an ɗaure lamba ɗaya ga kwamfutar. Shi ya sa gwaji mafi amfani shi ne a fara shiga daga wata kwamfuta a cikin ofishin. In ta buɗe, to, laifin ba na kwamfutar ba ne, na hanya ne.

Hanyar kuwa ga yadda take. Ƙananan ofisoshi da yawa suna samun intanet ne ta rauta mai layin waya na MTN, Airtel ko Glo. Saboda ƙarancin adireshi a duniya, kamfanonin waya kan haɗa abokan ciniki masu yawa a ƙarƙashin adireshi ɗaya na waje. Sakamakon haka, ofishin na iya aika saƙo ya sami amsa, amma ba mai iya ƙwanƙwasa masa ƙofa daga waje. Starlink, da ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, haka yake yi wa masu rajistar gida. Duk yadda mai gyara ya kai ga juya saitin rauta, ba zai ci nasara ba, domin katangar tana wajen kamfanin. Mafita biyu ce: a biya kamfanin intanet ya ba da adireshi na dindindin, ko a yi amfani da manhajar da ke haɗa ɓangarorin biyu ta hannun dillali a tsakiya, kamar TeamViewer, AnyDesk ko Chrome Remote Desktop. Sai a sani cewa TeamViewer da AnyDesk kyauta suke ga amfanin kai kawai. In suka shinshino kasuwanci, sukan riƙa datse haɗin har sai an biya lasisi, wanda farashinsa ke bin kuɗin waje.

Dillalin kansa ba a Minna yake ba, kuma wannan na da nasa hatsarin. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku huɗu, MainOne, WACS, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A irin wannan rana ba abin da za a gyara a ofis, sai haƙuri. Amma in haɗin yana samuwa sai dai yana tafiyar hawainiya, rage girman hoto da launi, da kashe hoton bango, kan taimaka. Yana kuma rage cin data, abin da ba ƙarami ba ne tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Akwai gyara ɗaya da ya kamata mai dukiya ya ƙi, ko da mai gyara ya rantse cewa ya fi sauri. Remote Desktop na sauraron kira ne ta ƙofa mai lamba 3389, kuma wanda ya sami adireshi na dindindin yana iya buɗe wannan ƙofa kai tsaye ga intanet. Aikin zai yi kuwa nan take. Illar ita ce, ɓarayin intanet suna da na'urorin da ke zagaya adireshin duniya dare da rana suna neman wannan ƙofa, suna gwada kalmomin sirri dubbai, ba ruwansu da girman kamfani ko garin da yake. Tana cikin manyan hanyoyin da masu kulle bayanai don neman kuɗin fansa ke bi. A watan Mayun 2019 aka gano wata ɓaraka a cikinta, da aka laƙaba wa suna BlueKeep, wadda muninta ya sa Microsoft fitar da gyara har ga Windows XP da ya riga ya yi watsi da ita. Wanda ke ajiye sunaye da lambobin abokan ciniki kuma yana da alhaki a kansa ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2023. Abin da ya dace shi ne a ɓoye ƙofar a bayan keɓaɓɓen layi na VPN, a ƙarfafa kalmar sirri, a kuma soke asusun duk ma'aikacin da ya bar aiki a ranar da ya tafi.

Wani lokaci kuma saƙon da ke fitowa kan ambaci CredSSP. Wannan alama ce cewa ɗaya daga cikin na'urorin biyu ta sami sabuntawar tsaro ta 2018, ɗayar ba ta samu ba. Akwai dabarar kashe wannan bincike, amma maganin gaskiya shi ne a sabunta wadda aka bari a baya. Batun ya ƙara nauyi tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 yadda ya saba. Ofishin da kwamfutarsa ta tsufa har ba ta ɗaukar Windows 11, zaɓinsa shi ne ya yi rajistar ƙarin wa'adin tsaro, ko kuwa ya sa kuɗin sabuwar na'ura cikin kasafin bana.