Kuka, Zogale da Sauran Garin da Turai Ke Saye da Tsada

A shekarar 2008 Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da garin 'ya'yan kuka a kasuwanninta, bayan wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta kudancin Afirka mai suna PhytoTrade Africa ta nemi amincewa. Da shekara ta zagayo, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma ta buɗe masa ƙofa. Tun daga nan farin garin nan mai tsami da yara ke tsotsa a ƙauyukan Katsina da Damagaram, wanda ake dama kwalba da nono da shi, ya shiga kantunan Landan cikin 'yan ledoji masu ƙyalli, ana sayar da shi da tsadar da za ta ba mai tallar kuka mamaki.

Can suna kiran irin wannan gari da Turanci superfood, wato abincin da ya ɗara saura. Sunan na talla ne, ba na likitoci ba. Tun 2007 dokar Tarayyar Turai ta hana a buga shi a jikin kaya sai da hujjar amfanin lafiya da aka amince da ita. Amma rashin tushen sunan bai sa garin ya zama banza ba.

'Ya'yan kuka suna bushewa ne tun suna kan bishiya, don haka garin ba ya buƙatar wuta ko inji, sai dai a fasa, a daka, a tankaɗe. Yana da bitamin C fiye da lemon zaƙi nesa ba kusa ba, kuma kusan rabinsa zare ne mai gyara ciki da hana taurin bayan gida. Ganyen kuka kuwa, da uwar gida ke kaɗa miya da shi kowane dare, yana ɗauke da sinadarin ƙarfafa ƙashi da kuma na ƙarin jini. Gidan da ke cin tuwon dawa da miyar kuka ya riga Turai shekaru aru-aru.

Zogale ne ya fi shan yabo, kuma a kansa aka fi yin zuƙi-ta-malle. Asalinsa arewacin Indiya ne, amma ya zauna a ƙasar Hausa har ya zama ɗan gida: kwaɗo da ƙuli-ƙuli a Kano, dambu a Maraɗi inda ake noma shi fadama guda. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen ganyensa furotin ne, mai gina jiki, ga sinadarin ƙarin jini, ga wanda jiki ke mayarwa bitamin A don lafiyar ido. Wannan ya sa masu yaƙi da tamowa ke ba da shawarar a zuba shi a kunun yaran da suka wuce wata shida da na masu shayarwa. Sai dai a yi lissafi. Babban cokali ɗaya bai wuce giram 7 ko 8 ba, furotin ɗinsa kamar giram 2 ke nan, alhali babban mutum na buƙatar wajen giram 50 a rana. Cokalin zogale ƙari ne a kan wake, ƙwai, gyaɗa da kifi. Ba ya maye gurbinsu, duk abin da mai talla a tasha zai faɗa ta lasifika.

Akwai kuma wani da ba kowa ya sani ba. A kududdufan kanwa da ke gefen Tafkin Chadi, matan Kanembu na kwashe wani koren gansakuka, su shanya shi a kan rairayi, su yi miya da shi. Suna kiransa dihe. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi a kasuwa a tsakiyar shekarun 1960, aka gane shi ne sifirulina, wanda kusan kashi 60 cikin ɗari nasa furotin ne. Yau ana noma shi a tafkunan masana'antu a Amurka da Sin.

Yadda ake sarrafa garin shi ke raba mai amfani da marar amfani. Ganyen da aka baza a rana tsaka yakan koɗe, bitamin ɗinsa ya ragu. A inuwa mai iska ake shanya shi, a kan tabarma ko faifai mai tsabta, nesa da kaji da ƙura. Garin zogale mai kyau kore ne shar, wanda ya koma ruwan ƙasa ya tsufa. A barbaɗa shi bayan an sauke tukunya, don doguwar tafasa na cinye amfaninsa, haka ma kanwa idan ta yi yawa. Wata dabara mai sauƙi: bitamin C na taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarin jini da ke cikin ganye, shayi kuwa yana tare shi. Don haka matse lemon tsami a kwaɗo, ko haɗa garin zogale da na 'ya'yan kuka a kunu, ya fi a kora da kofin shayi.

Abin da ke tayar da hankali shi ne masu ajiye maganin asibiti su koma shan gari. Bincike-binciken da aka yi kan zogale da sukarin jini ƙanana ne, yawanci a kan dabbobi, kuma ba su isa a ce yana warkar da ciwon suga ko hawan jini ba. Mai juna biyu ta nisanci saiwa da ɓawon zogale. Gurɓata kaya ma gaskiya ce: a Bangladash an gano masu sarrafa kurkum suna zuba masa rini mai ɗauke da dalma don ya ƙara rawaya, gubar da ke lalata ƙwaƙwalwar yara.

Wanda zai sayi na leda a Nijeriya ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewarsa. Wanda kuma ke da ɗan fili a bayan ɗaki, ya dasa zogale a daminar bana. Kafin shekara ta zagayo zai fara tsinkar ganye.