Cinikin Littattafan Yaƙi Masu Sa Hannu: Shaida Ce Ke Yanke Farashi

Tara littattafan yaƙi masu ɗauke da sa hannun mawallafansu, da lambobin yabo da wasiƙun sojoji, sana'a ce da ta kafu a gidajen gwanjo na Landan da New York, irin su Sotheby's da Christie's da Bonhams. A wannan kasuwa, tsufan kaya kawai ba ya jawo kuɗi. Abin da masu saye ke biya shi ne tabbacin asali da kuma ƙarancin kayan.

Misali, littafin Janar Dwight Eisenhower mai suna Crusade in Europe, wanda ya fito a 1948, an buga shi da yawan gaske, saboda haka kwafinsa na yau da kullum ba ya da tsada. Amma akwai bugu na musamman na kwafi 1,426 da janar ɗin ya sa wa hannu, kuma farashin kowane ɗaya kan kai dubban daloli. Haka abin yake ga lambobin yabo. A 2009 Lord Ashcroft ya biya kimanin fam miliyan ɗaya da rabi don sayen lambobin Kyaftin Noel Chavasse, likitan soja na Yaƙin Duniya na Ɗaya, domin yana cikin mutum uku kacal da suka sami lambar Victoria Cross sau biyu.

Inda kuɗi ya taru kuwa, 'yan damfara ba sa nisa. A 1983 mujallar Stern ta Jamus ta yi asarar mak miliyan 9.3 wajen sayen wasu kundaye da aka ce Hitler ne ya rubuta su. Binciken takarda da tawada ya nuna cewa bayan yaƙi aka yi su, kuma wani mai suna Konrad Kujau ne ya ƙirƙire su. Don haka dillalai ke neman tarihin hannayen da kaya ya bi, su kuma gwada sa hannun da wanda aka riga aka tabbatar, ganin cewa sakatarori da na'urar kwaikwayon sa hannu sun sha rattaba sunayen manya. Mai saye zai kuma biya la'adar gidan gwanjo, wadda kan wuce kashi 20 cikin 100.

Wannan batu ya shafi Nijeriya. Dubban 'yan ƙasar nan sun yi yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a ƙarƙashin Janar William Slim, mawallafin Defeat into Victory na 1956. Lambar Burma Star ita kaɗai ba ta da tsada, don an raba ta ga sojoji masu yawa. Darajarta kan ƙaru ne idan tana tare da takardar sallama da hoto da wasiƙun mai ita. Saboda haka ya kamata iyalan tsofaffin sojoji su adana waɗannan kayayyaki wuri guda, nesa da danshi da gara, kada kuma su sayar kafin su nemi ƙimar masana fiye da ɗaya.